Ramuka Arba'in da Shida

Kalilu Maitama mutumin Zariya ne, ɗan gidan magina, kuma shekara tara ya yi yana riƙe da littafin wani tsohon gida a gefen Kuala Lumpur, can inda gari ya ƙare tsaunuka suka fara. Shi ba mai gadi ba ne, ba kuma injiniya ba. Akawu ne. Aikinsa shi ne ya rubuta abin da ke cikin gidan, da halin da kowane abu yake ciki, da ranar da ya gan shi a haka.

Karatun aikin ofis ya kawo shi ƙasar a 2008. Da ya gama, sai ya ji lauyan magadan gidan yana neman mai haƙuri da kyan rubutu, wanda zai tsara tsofaffin takardu na wata shida. Wata shidan ne ya miƙe ya zama shekara tara. A cikinsu ya je gida ya auro Habiba, suka kama ɗaki biyu a hawa na bakwai na wani tsohon bene kusa da Masjid India, ita tana yi wa ɗaliban Najeriya ɗinki, shi yana hawa jirgin ƙasa da bas kullum safe.

Gidan kuwa, wanda ya gan shi ba ya mantawa, don bai yi kama da ƙasar ba ko kaɗan. Wani Bature mai suna Edmund Culpin, manajan kamfanin haƙar kuza, shi ya gina shi a 1927. An haife shi ne a wani gidan sarautar ƙauye a yammacin Ingila mai suna Oxenholt, ginin kakanninsa tun wajen 1590. Bayan yaƙin duniya na farko arziƙin dangin ya karye, wansa ya sa gidan a kasuwa. Culpin ba shi da ƙarfin sayen gida, sai ya sayi abin da ya fi tunawa: matakalar bene da allunan katakon da suka lulluɓe bangon babban zaure. Aka kwance su, aka zuba cikin akwatuna arba'in da ɗaya, jirgin ruwa ya kawo su. A nan ya gina kwafin gidan ubansa a kewaye da su. Ƙasa dutse, sama baƙin katako da farin yaɓe, rufi mai tsini uku, bututun hayaƙi na jan bulo a murɗe kamar igiya, tagogi talatin da ɗaya masu ƙananan gilasai da aka haɗa da darma. A 1954 aka rushe Oxenholt na asali. Daga ranar, abin da ya rage na wannan gida a duniya shi ne allunan bangon da matakalar nan mai taki ashirin da biyu, ta wani icce mai tauri da Turawa ke kira oak, da 'ya'yan rumman a sassaƙe a kan kowane ginshiƙi.

Bayan 'yancin kai wani attajiri ɗan ƙasa ya sayi gidan. Jikokinsa yanzu suna Ostareliya, kuma kansu a rabe yake: wasu na son a sayar wa masu gina dogayen benaye, wasu na son a bar shi. Daga ƙarshe suka yi yarjejeniya a gaban lauya. In hukumar adana kayan tarihi ta sa gidan a rajistarta, ya tsira, ba mai taɓa shi. In ta ƙi, a sayar. Kowa kuma ya san matakalar ce za ta yanke hukunci, don in aka cire ta da allunan, sauran ginin kwaikwayo ne na jiya-jiya. Aka sa ranar zuwan masu dubawa: Litinin, 6 ga Afrilu, 2020. Shekara tara na rubutun Kalilu, duk don wannan rana aka yi shi.

Su biyu ne a gidan. Ɗayan shi ne Pak Senawi, wato Baba Senawi a harshensu, wani dattijo Bamalaye da ya haura saba'in, wanda ya gaji kula da gidan daga mahaifinsa. Kullum safe sai ya buɗe tagogin nan talatin da ɗaya, da la'asar ya rufe. Duk Litinin da Alhamis kuma sai ya hura wuta a murhun babban zaure, a garin da mutum ke zufa yana zaune a inuwa.

"Pak, wuta a wannan zafin?" Kalilu ya tambaye shi tun makon farko. "Ko fatalwar Baturen ce ke jin sanyi?"

"Gidan ne ke so, lah," in ji dattijon, da ɗan "lah" ɗin da mutanen ƙasar ke ƙarasa magana da shi. "Kai ka yi rubutunka, ni in yi hurina."

"To mene ne dalilin?"

"Ni ba a ba ni dalili ba. Ashana aka ba ni."

Kalilu ya rubuta a littafi: al'ada ce, ba a san asalinta ba. A wani shafin kuma ya lissafa wasu ramuka masu faɗin babban yatsa, jere a ƙarƙashin matakalar da gindin allunan bango. Ya ƙirga su sau biyu, arba'in da shida. Ya rubuta: ɓarna, mai yiwuwa ta ɓera ko ta tsohon aikin wayar lantarki.

Ranar Juma'a 13 ga Maris, Pak Senawi ya tafi jihar Kelantan mai nisa bikin jikarsa, da niyyar kwana biyar. Ranar Litinin gwamnati ta sanar da dokar kulle saboda annobar da ta ɓarke a duniya, daga Laraba, na mako biyu. Talata 17 ga wata Kalilu ya wayi gari shi kaɗai a gidan, da makulli a hannu da yini ɗaya a gabansa.

Ya tsaya a tsakiyar zaure yana tunanin abin da zai iya samun matakalar a mako biyu. Jemagu na shigowa ta bututun hayaƙi su yi kashi. Birai sun iya tura taga. Ruwan yamma yana fesowa ta kowace kafa. Sai mahaifinsa ya faɗo masa a rai, yadda yake yi wa rumbu bayan an zuba dawa: ya kwaɓa ƙasa ya liƙe baki, ya bi duk wata tsaga da yatsa, shekara biyu in aka fasa a sami hatsi kamar ranar aka sussuke shi. Haka yake yi wa ɗakinsa in aikin gini zai kai shi Kaduna na watanni, ko'ina sai ya cusa tsumma. Kalilu ya tashi a kan cewa abin da kake so, in za ka bar shi, toshe shi ake yi.

Baƙi sun taɓa matakalar a makon da ya wuce, ga shi ana ta maganar ƙwayar cuta a jikin kaya, don haka ya fara wanke ta da ruwa da maganin kashe cuta, taki bayan taki. Bai jira ta gama bushewa ba, lokaci ba ya wajensa. Ya sayo babbar leda a wani kedai, wato ɗan kanti, da ke bakin hanya, ya lulluɓe ta tun daga sama har ƙasa, ya bi bakin da salatif. Ya cusa buhu a bututun hayaƙi. Ya rufe tagogi ya ja labule. Sannan ya durƙusa da jakar ƙyallayen ɗinkin Habiba, waɗanda yake goge-goge da su, ya toshe ramukan ɗaya bayan ɗaya. Ya rubuta duka a littafi, har da ƙarfe huɗu da kwata da ya gama.

Ya ji daɗin aikin, har ya ɗauki hoto ya tura wa abokinsa Meshach, mutumin Jos da ke koyar da kwamfuta yana zaune a unguwar Danau Kota. Nan take Meshach ya kira.

"Ɗan Zazzau, mene wannan? Ka ƙulle benen Bature kamar alala!"

"Kai ba ka san adana ba. Ku a Jos komai a fili kuke bari, sanyi ya tsare muku."

"To saura ka ɗora a tukunya, lah. In ya nuna ka kira ni."

Kalilu ya yi dariya, ya kulle ƙofa. Ya tafi gida da akwatin takardu na sha biyu, wanda shi kaɗai ya rage bai karanta ba, don ya sami abin yi a zaman kulle.

Mako biyu ya cika aka ƙara biyu. Aka ɗage zuwan masu dubawa, ba a sa sabuwar rana ba. A makon farko na Afrilu aka sami masu cutar a benensu, suka wayi gari sojoji sun kewaye shi da waya mai ƙaya. Abinci da magani a bakin waya ake ajiyewa, a kira lambar ɗaki mutum ya sauko ya ɗauka. Ba shiga, ba fita.

Asabar 11 ga Afrilu, da hantsi, ya kai ga wata wasiƙa da Culpin ya rubuta wa ƙanwarsa a 1928. Baturen yana ba ta labari cewa a shekarar farko katakon gidan ubansu ya kusa mutuwa a hannunsa. Fumfuna ta rufe shi, yana kumbura yana wari, don an saba masa da iskar Ingila an kawo shi ƙasar da iska kanta jiƙaƙƙiya ce. Shugaban kafintocinsa, wani dattijo ɗan Sin, shi ya cece shi. Ya huda ramuka arba'in da shida don iska ta riƙa zagayawa ta bayan katakon, ya ce a buɗe tagogi kullum, a hura wuta sau biyu a mako ta ja danshin ta fitar ta bututu. Kafintan ya ja masa kunne kada gidan ya taɓa wuce kwana goma a rufe.

Kalilu ya karanta sau uku. Ya ɗauko kalanda ya ƙirga da yatsa. Kwana ashirin da biyar.

Habiba ta ɗago daga keken ɗinki ta ga fuskarsa.

"Malam, lafiya? Wa ya rasu?"

"Ƙyallayenki," ya ce. "Na toshe wa gidan hanci da ƙyallayenki."

Ya sauka har bakin waya, takunkumi a fuska, makulli a hannu. Wani matashin soja ya tare shi da ladabi. Kalilu ya yi masa bayani da Malayancinsa, ya ce ba fita zai yi ba, makullin kawai yake so a miƙa wa wani abokinsa.

"Tak boleh, encik," in ji sojan. Wato ba zai yiwu ba, yallaɓai. Kaya na shiga, amma ko allura ba ta fita daga benen. Ya tambaya ko akwai mutum a gidan, ko dabba da ke jin yunwa.

"Katako ne."

Sojan ya dube shi ta saman takunkumi, ya ce ya koma sama ya huta.

Ya kira lauya, ba a ɗaga ba. Da yamma saƙo ya zo: kowa a rufe yake, gida ya shekara casa'in zai iya jira, ya kula da lafiyarsa. Ya kira Meshach. Wannan karon ba a yi wasa ba. Washegari Meshach ya sa guduma a mota, da niyyar ya fasa taga ɗaya ya shiga ya yaye ledar. Bayan awa guda ya kira, muryarsa a ƙasa.

"Ɗan'uwa, sun tare ni a shinge. An ce ba a wuce kilomita goma, gidan naka kuma sha bakwai ne. Na ce musu gida zan je cetowa, ɗan sandan ya ce zazzaɓi gidan yake yi? Ya ga gudumar ma. Ya ɗauki hoton fasfona, ya ce in ya sake ganina a hanyar nan, ba gida zan kwana ba."

"Na gode, Meshach. Kar ka sake gwadawa."

"Wataƙila dai ba komai, Malam. Iccen da ya yi shekara ɗari huɗu."

"A Ingila ya yi su."

Ranar Alhamis Pak Senawi ya kira daga Kelantan, inda shi ma hanya ta rufe da shi. Ya tambayi Habiba, ya tambayi ko suna samun makan, wato abinci, sannan ya ce, "Ka dai bar tagogin sama a ɗan buɗe kafin ka tafi, ko?"

Kalilu, wanda bai taɓa rubuta kwanan wata na ƙarya ba, ya ce, "Komai lafiya, Pak."

Daga nan kwanakin suka zama iri ɗaya. Da safe rana ta buɗe kamar bakin tanda, da azahar hadari ya haɗu, ruwa ya sauka, sannan rana ta sake fitowa tururi na tashi daga kwalta. Kalilu yana tsaye a tagar hawa na bakwai yana kallon tsaunukan arewa. Ya san abin da kowane yini irin wannan yake yi a cikin leda. Azumi ya kama, ya zamana ko buɗa-baki sai Habiba ta tsaya a kansa. Wata rana ta buɗe kabad ta ciro takalminsa na ofis, ya yi kore shar da fumfuna don wata guda ba a sa shi ba. Ta yi saurin ɓoyewa a bayanta, amma ya riga ya gani. Shekara goma sha biyu yana ƙasar nan, ya sha goge irin wannan a takalmi da bel. Bai taɓa haɗa shi da matakalar ba, don a idonsa ita ba takalmi ba ce, dukiya ce, dukiya kuma rumbu ake yi mata.

A farkon Mayu aka naɗe wayar. Amma gwajin ƙarshe da aka yi wa mutanen benen ya nuna Kalilu na ɗauke da cutar, shi da ko tari bai yi ba. Aka kai shi wurin killacewa, gado a cikin jerin gadaje. Da aka sallame shi aka ce ya ƙara zama a ɗaki. Sai Laraba 27 ga Mayu, kwana uku bayan Sallah, ya sa makulli a ƙofar gidan. Kwana saba'in da ɗaya.

Warin ne ya fara tarbarsa, kamar na rijiyar da aka daɗe ba a ja ba. Ledar ta yi gumi ta ciki, ruwa na gangarowa a jikinta. Da ya yanka ta ya yaye, bai ga katako ba. Wani farin abu kamar auduga ya rufe takin, da tabo baƙi da kore. Allunan bango sun kumbura sun bar mazauninsu. Ya durƙusa ya ja ƙyalle ɗaya daga rami, sai rabinsa ya biyo hannunsa, sauran ya zama ƙasa. Gara ce. Ta bi danshi ta sami tsumman auduga, ta ci, ta wuce ta ramukan zuwa cikin iccen da ya riga ya yi laushi. Ya kama ɗan rumman na ginshiƙin farko don ya miƙe, yatsansa ya nutse a ciki.

Ya zare sauran ƙyallayen, ya buɗe tagogi talatin da ɗaya, ya ciro buhun ya hura wuta. Ya san aikin banza yake yi. Da ya gama ya zauna a dakalin ƙofa ya rubuta abin da ya gani: taki tara sun mutu, shida ba sa ɗaukar mutum, ginshiƙi uku fanko ne.

Pak Senawi ya dawo a tsakiyar Yuni. Ya zagaya zauren a hankali, ya ga tarin ƙyallayen atamfa a kusurwa, ya sa yatsa a rami ɗaya. Washegari ya buɗe tagoginsa kamar kullum.

Aka sa wa masu dubawa 24 ga Agusta. Ana saura kwana biyu lauya ya zo, ya karanta shafin 17 ga Maris, ya ce littafin ai na cikin gida ne, ba dole a nuna ba. A ce annoba ce ta rufe gidan, wa zai musa? Kalilu ya ce to. Amma ranar, bayan shugabar masu dubawa ta gama ƙwanƙwasa katakon tana jin kukan fanko, sai ta ce ta ga gidajen da kulle ya taɓa, ba ta ga irin wannan ba. Me aka yi masa? Kalilu ya buɗe shafin ya miƙa mata. Ta karanta har ƙarfe huɗu da kwata, ta rufe, ta ce ba ta taɓa ganin littafin gida mai kyan wannan ba. A Nuwamba takarda ta fito: abin da ya rage na asalin katakon bai kai a sa gidan a rajista ba. Ko da bai nuna shafin ba hukuncin ɗaya ne, ya san haka, kuma sanin bai rage masa komai ba.

Aka sayar da gidan. Aka ce su miƙa makulli ranar Juma'a 26 ga Fabrairu, 2021. Ranar Alhamis, ana gobe za su miƙa, Pak Senawi ya shigo da ɗaurin itace kamar yadda ya saba, ya durƙusa gaban murhu. Kalilu ya ce ya dakata. Ya ciro wasiƙar Culpin, wadda wata goma ke nan ya kasa nuna masa, ya fassara masa ita layi-layi.

Dattijon ya saurara, ashana a hannunsa.

"Ashe dalilin ke nan," ya ce. "Shekara hamsin ina hura ta. A ina takardar take?"

"A cikin akwatunan ɗakin sama, Pak."

"Waɗanda kake karantawa tun zuwanka? Na nawa?"

"Na sha biyu."

"Kai kuma daga na ɗaya ka fara."

"Daga na ɗaya."

Pak Senawi ya gyaɗa kai. Ya dubi itacen, ya dubi matakalar da aka tokare da ƙarafa, ya mayar da ashanar aljihu. Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya tafi rufe tagogi tun azahar ba ta yi ba.

A watan Afrilu aka rushe gidan, cikin kwana huɗu. Kalilu bai je ba. Yanzu yana auna yadi a wani shagon tufafi a titin Jalan Masjid India, almakashi a aljihun gaba. Littafin yana wajensa, don ba wanda ya nema. Shafin ƙarshe layi biyu ne: Alhamis, 25 ga Fabrairu. Ba a hura wuta ba.